Fiton Kawu a Ɗakin Sanyi

Jama'a, a gyara zama, masu tari su yi tarinsu yanzu su gama. Ga shi nan tafe: babban kwamandan daskararren kifi, gwamnan kaji marasa kai, mutumin da ke zuba rigar sanyi biyu da tsakar rana alhali sauran bayin Allah na fifita da kwali. Shi kaɗai ne a duk zuri'armu da ya haura arba'in, furfura ta fara leƙowa, sannan aka zagaye masa baki da waya kamar lambun da awaki suka dama. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. A wurin aiki Mai Fito suke ce masa.

Da kun ga haƙoran Kawu kafin a taɓa su, da kun tausaya musu. Kamar fasinjojin da aka cusa a ƙaramar mota suke, wani a kan cinyar wani, wani ya leƙo da kai ta taga. Manyan biyun nan na gaba kuwa tun yana yaro suka ɓata, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya, suka bar wata 'yar kafa karkatacciya a tsakaninsu. Ta wannan kafar yake fito. Nasa fiton yakan fara ƙasa-ƙasa, ya haura sama siriri kamar allura, sannan ya karye a ƙarshe da wani ɗan "ƙit", sai ka ce an taka wutsiyar ɓera. Duk yaran gidanmu mun gwada kwaikwayo har leɓɓanmu suka bushe, ba wanda ya samo wannan karyewar.

Kamfanin da yake wa aiki kifi da kaji daskararru yake sayar wa 'yan sari. Tun yana saurayi ya shiga da dako a ka, har ya zama shi ne babba a cikin masu shiga ɗakin sanyi. Ɗakin dogo ne, ba taga, kwalaye jere layi-layi har kusa da rufi, ƙasa kullum da santsin ƙanƙara. A can ƙurya akwai manyan fankoki masu ruri ba dare ba rana, in kana ciki ko ihu ka yi iyakarsa bakinka. Ƙofar ta fi katifa kauri. Mariƙinta na ciki ya karye tun wani zamani, kuma duk lokacin da aka yi wa Oga, mai kamfanin, magana sai ya ce mai gyara na nan zuwa. Makunnin fitilar ma a waje yake.

Saboda haka ma'aikatan suka yi wa kansu doka. Kafin Dogo, mai riƙe da makullin ƙofar, ya rufe, sai ya tsaya a bakinta ya yi fito, don fito ne kaɗai ke iya ratsa ƙarar fankokin. In da mutum a ciki, ya amsa da nasa, Dogo ya jira shi. In an yi tsit, ba kowa ke nan, sai ya tura ƙofa ya kashe fitila. Kowa da irin fitonsa, Dogo ya san na kowa. Oga ma ya ɗauki dokar ya ƙara mata gishiri: wanda bai iya fito ba, ba ya shiga ɗakin, sai dai ya tsaya a waje cikin rana yana lodin mota tare da sabbin zuwa.

To, ba don kwalliya Kawu ya sa waya ba, kada ku ɗauki alhakinsa. Haƙoran ne suka fara cin junansu. Dasashi na jini, harshe kullum da yanka, ciwon kai ya zama abokin kwana. Babbar 'yarsa ce ta tasa shi gaba har wurin likitar haƙori, ita kuma ta leƙa ta girgiza kai, ta ce in ba a jera su ba za su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga da bakinsa, ya fito da wani ƙaramin ƙarfe manne a kan kowane haƙori, da waya ta bi ta kansu ta ɗaure. Aka haɗo shi da wani burushi siriri da ɗan akwatin kaki irin na zuma, aka ce in waya ta soke shi ya mulmula kakin ya liƙa a wurin.

Da ya isa gida matarsa ta dube shi, ta ce, "Baban yara, buɗe mu gani." Ya buɗe. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, Allah Ya sa kada tsawa ta ganka."

Kwanakin farko ya sha wuya. Mutumin da ke tauna ƙashin kaza har ya zama gari, ya koma jiƙa burodi a shayi yana tsotsa kamar jariri. Ayaba ma sai an yanka masa. Cikin kumatunsa ya yi ƙuraje, yana magana yawu na tsalle, har ƙaramin ɗansa ya koyi matsawa gefe in zai yi masa faɗa. Bayan kowane abinci sai ya tsaya gaban madubi da ɗan burushin nan yana haƙo abin da ya maƙale, yana tsaki.

A wurin aiki kuma sai ya gane ashe rabin aikinsa da haƙori yake yi. Da su yake yanke salatif, da su yake zare safar hannu, a tsakaninsu yake maƙale biro in hannuwansa sun cika. Ranar da ya koma ya manta ya kai salatif baki, sai da hawaye ya zubo masa. Sanyin ɗakin kuwa da ya shiga bakinsa ya tarar da ƙarfe, sai ya zauna a kai, ya bi saiwar haƙoran ya haura har tsakiyar kansa. Dole ya fara naɗe bakinsa da mayafin wuya.

Duk wannan mai sauƙi ne. A ranar, yana can layin baya shi kaɗai, ya sauke mayafin, ya tattara leɓe don ya gwada abinsa. Iska ce kawai ta fito, "fuuu", da ɗan yawu. Ya gyara harshe, ya sake. Wayar ta gitta daidai kan kafar, ta toshe hanyar. Ya yi ta gwadawa har leɓensa ya fashe, ko kukan sauro bai samu ba.

Bai gaya wa kowa ba. Shi da ya koya wa rabin ma'aikatan nan yadda ake taka ƙanƙara ba a faɗi ba, a ce ya koma lodin mota tare da yaran da ya girmi iyayensu? Ya sayi usur irin na alƙalin wasa ya ɓoye a aljihu. Na ƙarfe ya manne masa a leɓe don sanyi, sai da ya ɓare shi da fata. Na roba kuma, ɗan ƙwallon da ke ciki ya jiƙe da numfashi ya daskare, ya ƙi motsi. Sai ya koma dabara: da ya ga an kusa gama sauke kaya, sai ya riga kowa fitowa, ya gitta ta gaban Dogo don ya gan shi.

Wata rana da hantsi an gama jigilar wata babbar mota, Kawu ya fito a bayan wani mai ɗauke da kwalaye har sun rufe shi, Dogo bai lura ba. Ya tsaya a bayan Dogo yana kakkaɓe safar hannunsa. Dogo ya leƙa ɗakin, ya yi fitonsa.

Aka amsa daga ciki. Ya fara ƙasa-ƙasa, ya haura siriri, ya karye da "ƙit".

Dogo ya jingina da ƙofa, ya ce da ƙarfi, "Yaya, ka yi sauri mana, sanyi na zuba a banza."

Kawu ya ji tsigar jikinsa ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya. Da ƙyar ya ce, "Dogo, ga ni nan."

Dogo ya juyo a hankali. Ya dubi Kawu, ya dubi cikin ɗakin, ya sake duban Kawu. Suka yi cirko-cirko, farin hucin sanyi na malalowa ta kan ƙafafunsu.

"Wa ka bari a ciki?"

"Ba kowa."

"To wa ya iya naka?"

Suka shiga tare, kafaɗa na gogar kafaɗa, suka bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Ba kowa. A layin baya akwai wani kwali da ya yage, idanun kifaye a waje, farare fat, suna kallon rufi. Dogo ya ce wataƙila fanka ce ta fara lalacewa. Ya fita ya kashe fankokin gaba ɗaya, abin da in Oga ya gani sai ya ci mutuncinsa. Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da ba su taɓa ji a wurin ba, har suna jin ƙanƙara na ɗan ƙas-ƙas a jikin bango. Dogo ya yi fito.

Aka amsa, daga can ƙurya, tas, ba gaggawa.

Dogo ya sake kunna fankokin, ya tura ƙofa, ya sa makulli. Sannan ya ce, "Yaya, yi fito in ji."

Kawu ya sauke mayafi, ya hura. "Fuuu."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka sa wayar."

Dogo ya zauna a kan wani juyayyen bokiti, ya riƙe kai. Can ya ce, "Ɗakin nan dai aikinsa ajiya ne. Abin da aka sa masa ba ya lalacewa. Shekara nawa kana zuba masa fito?"

"Kai dai rufa min asiri wurin Oga."

Dogo ya rufa. Suka ƙulla tasu dokar su biyu: akwai wata ƙusa a bango gefen ƙofar, in babbar rigar sanyin Kawu na rataye a kanta, to yana waje, in ba ta nan, yana ciki, Dogo ya jira shi ko da zai kai yamma. Fito kuwa Dogo bai daina ba, saboda sauran ma'aikata. Kullum zai tsaya a bakin ƙofa, rigar Kawu na rataye, ya yi fito, kullum kuma sai mai "ƙit" ɗin nan ya amsa daga ƙurya. Da farko yakan yi addu'a kafin ya rufe. Da tafiya ta yi tafiya har ya fara mayar masa da magana: "Mun ji, sannu da aiki." Ɗan adam ba abin da ba ya sabawa da shi.

Kawu ne bai saba ba. In yana layin baya sai ya riƙa jin kamar ana tsaye a bayansa ana jira ya gama. Ba motsi, ba inuwa, jira kawai. Ya juya, kwalaye. A gida ya rage magana, matarsa ta ɗauka wayar ce.

Ana nan aka kira shi wurin likita, ta ƙara ɗaure wayar, ta nuna masa a madubi cewa manyan biyun nan sun fara shiryawa, kafar ta ragu. Ta ji daɗi ƙwarai. Washegari bakin wayar ya zame ta can baya, ya riƙa sukarsa a kumatu duk lokacin da ya motsa baki.

Da rana tsaka aka tashi cin abinci. Kawu ya fito, ya rataye rigarsa a ƙusa, ya laluba aljihun wando ya ji ba akwatin kaki. Sai ya tuna ya ajiye shi a kan kwali a layin baya. Dogo na can ofis Oga ya kira shi, ƙofar a buɗe take kaɗan. Ya ce a ransa, yanzu zan ɗauko in fito. Ya shiga da 'yar shara-sharar riga, ba mayafi, ba safar hannu. Wayar salularsa ma tana aljihun rigar da ke rataye.

Akwatin ya faɗa bayan kwalaye. Ya durƙusa, ya zura hannu har kafaɗa, yatsunsa sun taɓa shi ke nan sai ya jiyo fiton Dogo daga nesa, siriri cikin rurin fankoki. Ya yunƙura zai tashi, santsi ya kwashe shi, gwiwarsa ta bugi ƙasa. Ya ƙwalla kira, "Dogo!" Fankokin suka haɗiye. Ya ji dum ɗin ƙofar a ƙirjinsa kafin ya ji a kunne, sai fitila ta ɗauke.

Duhun ɗakin nan ba irin wanda ido ke sabawa da shi ba ne. Ya rarrafa yana shafa kwalaye har ya kai ƙofa, ya daka da hannu biyu, kamar mai dukan katifa. Ya laluba inda mariƙin yake a da, ya ji guntun ƙarfe kawai. Ya san ba za a sake buɗewa ba sai motar yamma ta zo, ya kuma san abin da ɗakin ke yi wa kaza a ƙasa da wannan lokacin. Haƙoransa suka fara kaɗawa, ƙarfe na bugun ƙarfe, bakin wayar na shiga kumatunsa yana fita. Ya ji ɗumin jini a harshensa, ɗumin ma bai daɗe ba.

Sai ya ji jiran nan ya taso daga layin baya.

Ba takun ƙafa ya ji ba. Iskar fankokin ce da ke dukan fuskarsa ta ragu, kamar wani abu ya shiga tsakaninsu. Ya manne bayansa da ƙofa, ya rufe bakinsa gam. Abin ya matso har ya ji shi a kan leɓensa, siriri, ya fi ɗakin sanyi, kamar bakin allura. Ya bi tsakanin leɓɓan a hankali, ya raba su. Ya taɓa ƙarfen farko, ya wuce na biyu, yana bin wayar yana lalube, kamar wanda ya dawo gida ya tarar an canja ƙofa. Da ya iso kan manyan biyun nan na gaba sai ya tsaya. Ya danna. Ya ja baya, ya sake dannawa a daidai inda kafar take, har Kawu ya ji zafin a cikin idonsa. Wayar ta tare. Abin ya tsaya nan a kan haƙoransa, bai tafi ba, bai shiga ba, kuma bai yi ko ƙit ba.

Dogo ya ce shi kam ya ga riga a ƙusa, ya yi fito, ya rufe, ya je famfo ya wanke hannu, ya zauna a inuwar mota ya buɗe kwanonsa. Ya kai loma ta farko baki sai ya ji wani abu bai yi daidai ba, kamar ka fito daga gida ka rasa me ka manta. Ya tauna, ya haɗiye, ya ɗebo ta biyu. Sai ya tuna bai ce "sannu da aiki" ba yau. Bai ce ba ne don ba a amsa masa ba. Makonni ke nan ɗakin bai taɓa fashin amsawa ba in Kawu na waje. Ya ɗaga kai ya dubi inda ma'aikata ke zaune suna ci, ya bi fuskokinsu, ba Kawu a ciki. Kwanon ya kife a ƙasa.

Da ya ja ƙofar, Kawu ya faɗo masa a ƙafa, girarsa fara fat, jini ya daskare a haɓarsa, akwatin kaki damƙe a hannu. Aka ja shi rana, aka lulluɓe shi da buhuna, aka ɗura masa ruwan ɗumi. Da bakinsa ya dawo, bai jira an tambaye shi ba, ya tashi yana tangaɗi ya shiga ofis.

"Yallaɓai, ni fa na daina iya fito. In lodi ne, a mayar da ni lodi."

Oga ya dubi jinin, ya dubi ma'aikatan da suka cika ƙofar ofis suna kallonsa shi ma. Mai gyaran nan da ya yi shekaru yana zuwa, a ranar ya iso kafin a tashi aiki. Aka sa sabon mariƙi ta ciki, aka ƙara makunnin fitila a ciki. Tunda kowa na iya buɗe wa kansa, dokar fito ta faɗi, Kawu ya ci gaba da zama babba a ɗakin sanyi, da wayarsa da mayafinsa. Layin baya dai ba ya zuwa shi kaɗai.

Dogo ya daina fito a bakin ƙofar. Sau ɗaya ya ce ya gwada, don ƙaiƙayin baki, ranar da Kawu ya tafi a ƙara ɗaure masa waya. An amsa. Amma ba daga ƙurya ba, daga nan bayan kwalayen farko, inda in ka miƙa hannu za ka taɓa.

Na sami Kawu ranar hutunsa da hantsi a tsakar gida, yana kurkure baki da ruwan gishiri, madubi jingine da tukunyar fure. Kafar nan saura kaɗan ta rufe, ko tsinke ba zai shiga ba. Na tsuguna kusa da shi, na rage murya, na ce, "Kawu, tsakani da Allah, ranar da ta rufe gaba ɗaya, shi wancan na ɗakin ina zai koma? Ba ka tunanin zai biyo ka gida?"

Ya tofar da ruwan, ya duba haƙoransa a madubi, ya ce, "Shi dai yana da wurin aiki. Kai fa? Matsa, ka tare min haske."